Baƙin Man Ajidan Zabeirou

Fassouma Abdoul-Aziz ta yi shekara goma sha tara a Greensboro kafin sunanta ya fara fitowa daga bakin mutanen da ba su taɓa zama a gabanta ba. Kafin nan mai kitso ce kawai. 'Yar Maradi ce, doguwa, mai ƙarancin magana, kujerarta ce ta biyu daga ƙofa a wani shagon kitso da ke East Greensboro, kusa da jami'a. Ɗalibai suna jiran layinta ko da sauran kujeru babu kowa, domin ba ta jan gashi har ido ya kawo ruwa, kuma kitsonta yakan kai wata biyu bai tashi ba. Mijinta Issaka direban babbar mota ne, kwana goma sha biyu a hanya, uku a gida. Allah bai ba su haihuwa ba. Wanda take kallo a matsayin ɗa shi ne ƙanenta Kader, da ta goya tana 'yar shekara goma sha huɗu, ta baro shi a gida yana aji huɗu.

Kader ya shiga soja ba da son ranta ba. Aka tura shi wani ƙaramin bariki a bakin iyaka, inda babu komai sai yashi da buhunan yashi. Duk Juma'a yakan aiko mata da saƙon murya, ita kuma ta saurara da abin kunne hannuwanta na cikin gashin mutane. Yawanci shirme ne: wake ya yi tsakuwa, wani abokinsa ya faɗo daga mota yana barci. Wata Juma'a ya ce:

"Yaya, da kin ga man da Ajidan Zabeirou ke ba mu na goge bindiga. Baƙi ƙirin, kamar wanda aka juye daga injin babur. In ka shafa, yashi ya bi shi ya zama kunu. Mun yi magana, ya ce wanda bai so ya tahi ya shafa man shanun uwarshi."

Yana dariya ya faɗa. Ita ma ta yi dariya.

Bayan kwana tara aka kai wa barikin hari da hantsi. Wani abokinsa da ya tsira da ƙafa ɗaya shi ya gaya mata yadda aka samu Kader: a zaune bayan buhunan yashi, bindiga a kan cinya, wuƙar aljihu a hannu, mutuwa ta riske shi yana ƙoƙarin zaƙulo harsashin da ya cije. Uku kawai ya samu harbawa. Ba tasa kaɗai ce ta cije ba. Ba a yi wani bincike da ya kai kunnen iyalai ba. An kawo wa mahaifiyarsu takarda mai hatimi, da tuta a naɗe, da buhun shinkafa. Shekara ba ta zagayo ba tsohuwar ta bi ɗanta.

Fassouma ta karɓi gaisuwa kwana uku a falonta, ta koma shago. Mata suka ce tana da tawakkali.

Shekara biyu bayan haka, a wajen wani suna na 'yan Nijar da aka yi a ɗakin taro na haya, tana cikin masu zuba abinci, ta ji maza suna tsokanar wani dattijo sabon zuwa. Gajere ne mai furfura, babbar rigarsa ta sha guga. Suna ce masa Ajidan, wato muƙaminsa na soja, shi kuma yana ba su labarin aikinsa.

"Mangaza, ɗakin ajiyar makamai, shekara goma sha ɗaya tana hannuna," in ji shi. "Ko allura ba ta ɓace ba. Ku tambaya."

Wani ya tambaye shi wane bariki. Ya faɗi sunan. Ya faɗi shekarun. Wani kuma ya kira shi da cikakken suna, Zabeirou.

Fassouma ta ƙara masa nama a faranti. Daga baya, da abin da ya faru ya faru, mata sun yi ta juya wannan naman a bakinsu, suna cewa tun ranar ta fara dafa shi. Ba haka ba ne. Ta matso ne don ta ga hannuwansa. Ƙananan hannuwa ne masu tsabta, faratan a yanke, irin na mutumin da ba ya barin datti ya kwana a jikinsa. Hannunta ya zuba naman ne don ya samu abin yi. Ba ta gaya wa kowa ba, har Issaka. A Greensboro babu wanda ya haɗa ta da wani soja guda cikin waɗanda suka mutu a can. An san dai ƙanenta ya rasu a bakin aiki, an yi mata gaisuwa, an wuce.

Zabeirou ya shigo ne da bizar ziyara. Ta ƙare, ya zauna, kamar yadda wasu da yawa suka yi, kuma ba maganar da ake yi da ƙarfi ba ce. Yana zaune a gidan ɗan wansa, yana gyaran injin yankan ciyawa a gareji. Cikin shekara guda garejin ya zama fada: ranar Lahadi bayan la'asar maza su jera kujerun roba, a ɗora shayi, a yi ta siyasar gida. Sannan ya zama wurin ajiyar amana. Duk ɗan Nijar da zai tafi gida na wata ɗaya ko biyu, ba ya barin abu mai daraja a ɗakin haya. Yakan kai wa dattijo, a gaban mutane, ya miƙa akwati ya miƙa makulli. Miƙa makullin shi ne girmamawar. Shi kuma dattijo ba ya tambayar abin da ke ciki, ba ya kuma cewa a'a, domin ƙin karɓar amana a gaban jama'a daidai yake da ce wa mutum ba ka yarda da shi ba. Zabeirou ya ƙware a wannan. Ya kafa kantoci a bangon gareji, kowane akwati da takardar suna. Har aka daina ce masa Ajidan kawai, aka koma Baba Ajidan mai amana.

Wannan sunan ne ya kai Fassouma shagon sayar da bindigogi.

Tana da takardar zama 'yar ƙasa tun shekaru shida da suka wuce, ba ta taɓa samun ko tikitin gudu da mota ba. Ta tsaya gaban kanta da mayafinta, ta nuna wata baƙa mai kama da ta sojoji, irin wadda ake kira AR-15, wadda duk jan kunama harsashi ɗaya ke fita, wani ya hau da kansa. Mai shagon ya ce don tsaron gida akwai ƙanana masu sauƙi. Ta ce tambayarta ɗaya ce: tana cijewa? Ya ce in ana kula da ita, da wuya. Ya ba ta fom. Ta karanta shi layi-layi da yatsa, kamar yadda take karanta duk takardar gwamnati, har ta zo kan tambayar ko mai saye yana zaune a ƙasar ba bisa ƙa'ida ba. Ta amsa a'a, ta wuce. A lokacin tambayar ba ta ce mata komai ba.

Perpetua, 'yar Jos mai kujera ta uku, ita ta fara ganewa, saboda shatar da gindin bindiga ya bari a kafaɗar Fassouma.

"Anti Fasu, wa ya buge ki? Oga yana hanya ai."

"Filin harbi nake zuwa ran Litinin."

Perpetua ta ajiye matsefi. "Filin me? Ke da ko kyankyaso kika gani sai kin kira ni?"

"Kyankyaso bai yi mini komai ba."

"To wa ya yi miki? Ki faɗa tun da wuri, in ni ce in dawo miki da almakashinki."

Shago ya ɗauki dariya. Fassouma ta yi murmushi ta ci gaba da kitso.

Filin harbin yana wajen gari. Mai koyarwa wani tsohon Bature ne daga Sedgefield, mai rawar hannu in yana shan kofi, marar rawar hannu in ya riƙe bindiga. Ya koya mata tsayuwa, da numfashi, da kwancewa da haɗawa. Ya ce bai taɓa ganin mai saurin yatsu irinta ba. Ta ce kitso ne. Abin da ya ba shi mamaki shi ne ba ta damu da samun tsakiyar takardar da ake harbi ba. Wasu sukan ɗauki hoton inda suka samu, ita kuwa harsashi take ƙirgawa. Ɗari biyar, bindiga ba ta cije ba. Dubu, ba ta cije ba. Ta harba ta cikin zafin Yuli, ta harba ta da yatsu a sanƙare cikin Janairu. Duk Litinin da yamma ta shimfiɗa tsohon zane a teburin cin abinci, ta goge ta da tsumma da buroshi, ta ɗiga mata mai mai haske kamar zuma daga wata 'yar kwalba. 'Yar kwalbar nan, da ba ta kai tsawon yatsa biyu ba, takan ishe ta wata huɗu. Wani lokaci takan riƙe ta tana kallo har ruwan shayi ya ƙone a kan wuta.

Ba sai an yi mata kara ba: niyyar farko ta kashe Zabeirou ce. Sau biyu ta ajiye mota a ƙarshen layinsu da rana tsaka, bindiga a but ɗin motar, tana kallonsa ya sunkuya a kan injin ciyawa. Ba tausayi ne ya hana ta ba. Ta zauna ne ta hango abin da zai biyo baya, ta ga jana'iza. Ta ga masallaci cike, liman yana cewa an kashe bawan Allah mai amana, ana tara gudummawar kai gawa gida. Shi kuma zai faɗi ne bai san daga ina ba, bai san don wa ba. Kader ya samu lokacin sanin abin da ke faruwa da shi, yana zaune da wuƙa a hannu. Ba za ta ba wannan mutum mutuwar da ta fi ta ƙanenta sauƙi ba. Ta tayar da mota ta koma shago.

Akwai kuma wani abu da ke ci mata rai, wanda ba ta son ta kalla. Idan Kader wasa yake yi fa? Idan man ba shi ne ya jawo ba? Wata Litinin ta tambayi tsohon Baturen: idan aka shafa wa bindiga baƙin man da aka juye daga inji, a wurin da iska ke ɗauke da yashi, me zai faru? Ya yi dariya, ya ce wane mahaukaci ne zai yi haka. Da ya ga ba ta yi dariya ba, ya ce datti zai kama ciki, ba za ta yi nisa ba.

Litinin ta gaba ta zo da wuri, kafin ya iso. Ta riga ta samo baƙin mai a gwangwani daga wani makanike, da yashin filin wasan yara a leda. Ta yi wa bindigarta abin da aka yi wa ta Kader. Ta tsaya, ta saita, ta ja. Ɗaya. Biyu. Har bakwai. A na takwas kunama ta tafi a banza. Ta ja hannun ɗana harsashi, ya ƙi motsi. Ta sake ja da ƙarfi, ya tsaya cak kamar an zuba masa siminti. A gabanta takarda ce kawai a rataye, babu mai harbinta, amma ta zauna a ƙasa, bindiga a kan cinya. Ta daɗe a haka. Da mai kula da filin ya zo ya taimaka aka cire harsashin, ya ce ta je ta wanke ta sosai kafin ta dawo.

Ba ta wanke ba. Ta mayar da ita akwatinta yadda take, da baƙin man da yashin, ta kulle.

A ranar ne tambayar fom ɗin nan ta dawo mata. Tsohon Baturen ma ya sha faɗa musu: kada ka ba wanda doka ta hana riƙe makami aron bindigarka, ko ajiya, ko na minti biyar, domin shi zai shiga hannu, kai ma da ka ba shi kana sane za ka shiga. Don haka duk mai cewa Fassouma ba ta san abin da zai same ta ba, bai san ta ba.

Ta sayi tikitin Maradi na sati shida. Lahadin da za ta tashi washegari, ta ajiye mota a bakin garejin bayan la'asar, fada a cike, har da Issaka da ya dawo daga hanya. Ta naɗe akwatin bindigar cikin bargo ta ɗaure da igiya. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe su.

"Baba Ajidan, ina wuni. Tahiya ta kama ni, maigidan kuma ba ya zama. Ga amana."

"Madalla, ɗiyata. Allah shi kai lahiya. Kawo nan."

Ya miƙa hannu biyu ya karɓa. Fassouma tana kallon fuskarsa. Mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana ɗaga irin wannan nauyi ba ya buƙatar a kwance masa bargo. Tsawon, da yadda nauyin ya rinjaya gefe guda, sun gaya masa. Murmushinsa bai tafi ba, amma ya tsaya wuri ɗaya.

"Kai, Issaka," in ji wani daga cikin masu shayi, "madam ta tara zinariya haka ba ka gaya muna ba?"

"Ni ma yanzu nake gani," in ji Issaka. "Ƙila keken ɗinki ne." Ya san matarsa tana da bindiga, amma ya ɗauka tana kabad inda take kullum.

Mutum goma sha uku suna kallo. Zabeirou yana iya cewa ɗiyata, wannan ba zan iya ba. Sai dai za a tambayi dalili, kuma dalilin zai fito da maganar takardunsa a gaban fada, ya kuma zama dattijon da ya mayar wa matar abokinsa amana. Fassouma ta auna wannan tun kafin ta zo. Ta ciro makulli daga bakin mayafi ta miƙa da hannu biyu. Ya karɓa. Ya rubuta sunanta a takarda ya manna, ya ɗora akwatin a kanta na sama.

Shirinta shi ne ta buga wa 'yan sanda waya daga filin jirgi. Ta zauna a ɗakin jira da lambar a hannu har aka kira su, ba ta buga ba. Ta gaya wa kanta cewa sai ta ziyarci kabarin mahaifiyarta tukuna. Gaskiyar ita ce ta san zai buɗe, kuma tana so ya buɗe. Tana so ya ga baƙin man nan, ya kwana arba'in da biyu da shi a saman kansa yana jiran ƙarar mota a bakin ƙofa. A Maradi ta yi ƙiba. 'Yan uwa suka ce iskar gida ta karɓe ta.

Ta dawo ranar Laraba. Alhamis da hantsi ta je garejin, lokacin da babu fada. Ya rame, rigar aikinsa tana lilo a jikinsa. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya sauko da akwatin, ya ɗora a teburin aiki, ya buɗe da kansa.

Bindigar tana sheƙi. Babu ƙwayar yashi ko ɗaya. An kwance ta har ƙananan ƙusoshi, an wanke, an shafa mai mai kyau daidai kima, an mayar. Ko ranar da ta saye ta ba ta kai haka ba.

"Na buɗe," in ji shi. "Ban taɓa buɗe amanar kowa ba, sai taki. Kwana uku na yi ina wanke ta. Wanda ya yi mata haka ya zalunce ta."

"Ashe ka iya."

"Aikina ne."

"Ashe ka san abin da baƙin mai ke yi."

Ya zauna a kan wata jarka. Ya ɗauki tsumma yana goge hannuwan da babu komai a jikinsu.

"Ɗiyata, ba ki san yadda abin yake ba. Wata takwas mai bai zo ba. Wanda ya zo, na sama sun ɗauki nasu kafin ya iso gare ni. Ni ƙaramin ma'aikaci ne."

"Wanda ya iso gare ka fa?"

Ya ajiye tsumman. Can ya ce, "Jarka huɗu ne. Masu keken ɗinki na so nai a kasuwa. Kowa na yin irin haka. Wa ya san za su zo?"

"Me ya sa ba ka jefar da ita ba? Sati shida. Ka san abin da zai same ka in an gan ta nan."

Ya ɗago kai, kuma a karon farko ta ga ransa ya ɓaci.

"In jefar? Amana ce. Ni ban taɓa ɓatar da kayan mutum ba."

Da gaske yake. Wannan ne ya fi komai ƙona ta. Ta zo ne da shirin ganin maƙaryaci, sai ta tarar da mutumin da ya yarda da kansa har zuci.

"Wane ne naki a cikinsu?" ya tambaya a hankali.

"Kader. Kader Abdoul-Aziz. Dogo, mai wushirya. Shi ne ya yi maka maganar man, ka ce ya shafa man shanun uwarshi."

Zabeirou ya runtse ido. Ta ga yana nema da gaske, yana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Da ya yi ƙarya ya ce ya tuna, da ya ce Allah sarki, yaron kirki, mai yiwuwa da ta ɗauki akwatinta ta tafi. Ita kanta ba ta san amsar wannan ba har yau.

"Ki gafarce ni," ya ce. "Suna da yawa. Ban riƙe shi ba."

Fassouma ta rufe akwatin, ta tura shi gabansa.

"A ci gaba da riƙe mini, Baba Ajidan."

Bai bi ta ba, bai roƙe ta ba. Ta shiga mota, ta kulle ƙofa, ta buga lambar. Ta faɗi adireshi, ta faɗi abin da ke kan tebur, ta faɗi matsayin takardun mutumin. Aka tambaye ta ko tana so ta ɓoye sunanta. Ta ce a'a, tana nan a ƙofar gidan cikin farar mota. Minti ashirin da 'yan sanda suka ɗauka kafin su iso, ƙofar garejin a buɗe take. Yana iya ɗaukar akwatin ya ajiye a kan titi. Yana zaune a kan jarkarsa suka same shi.

Ɗan sandan da ya ɗauki bayaninta ya tambaye ta ko ta san ba shi da izinin zama lokacin da ta ba shi. Ya yi tambayar ne a yadda ake buɗe wa mutum ƙofa ya fita. Ta ce ta sani, don haka ma ta ba shi. Ya dakata da rubutu, ya tunatar da ita cewa tana da damar yin shiru har ta ga lauya. Ta ce ta yi shiru shekara biyar, ya rubuta. Ta ba shi labarin tun daga saƙon Juma'a, ta kunna masa muryar Kader duk da ba ya jin Hausa. Shafi huɗu ya cika.

Kafin Lahadi kantocin garejin sun zama wayam, kowa ya zo ya kwashe nasa. Ba don sun daina yarda da Zabeirou ba, sai don tsoron kada a dawo bincike. Fushin jama'a kuwa a kan Fassouma ya sauka. Abin da ya yi a can, in ji su, tsakaninsa da Allah ne. Amma a ɗauki amana a yi tarko da ita, a kira hukuma a kan ɗan ƙasa marar takarda, a garin da kusan kowane gida yana da irinsa? Daga ranar babu dattijon da ya ƙara karɓar akwati bai ce a buɗe ya gani ba, kuma duk wanda aka ce wa ya buɗe, sunanta yake ambata da tsaki. Matan Nijar suka daina zama a kujerarta. Aka daina gaya mata suna da biki. Issaka ya yi wata biyu yana karɓar lodi mai nisa. Da ya dawo abu ɗaya ya ce mata: "Da kin gaya mini." Ta ce da ya hana ta. Bai musa ba.

An ƙwace bindigar. An tuhume ta da ba wanda doka ta hana makami, lauyanta kuma ya ce bayanin shafi huɗun nan ya ɗaure masa hannu. Perpetua ce ta raka ta kotu ranar da aka yanke wa Zabeirou hukunci, tana ta mita a mota cewa ta rufe kujera ranar Juma'a guda saboda taurin kan wasu.

Suka zauna a bencin baya. Aka shigo da shi cikin kayan gidan yari da suka yi masa yawa. Lauyansa yana neman sassauci, kuma hanyar da ta rage masa ita ce ya nuna wa alƙali cewa tarko aka ɗana wa tsoho. Don ya nuna haka, dole ya faɗi dalilin tarkon. Ya ɗauki bayanin Fassouma ya fara karantawa: barikin, da man, da buhunan yashi, da wuƙar aljihu. Akwai tafinta a gefen Zabeirou yana mayar masa da kowace jimla cikin Hausa. Saboda haka duk abin da aka faɗa sau biyu ya ji shi, kuma mai rubutun kotu tana bugawa. Lauya ya ce Kader Abdoul-Aziz, tafinta ya ce Kader Abdoul-Aziz. Alƙali ya tambayi shekarun mamacin, aka ce ashirin da huɗu. Zabeirou bai ɗago kai ba.

Aka ba shi watanni a gidan yari, daga nan a miƙa shi ga jami'an shige da fice. Tata shari'ar an sa ta wata mai zuwa.

A matakalar kotu Perpetua ta riƙo hannunta.

"To, Anti Fasu. Kin huce?"

"A'a."

"Kai! Duk wannan?"

"Jarka huɗu kawai ya amsa. Akwai waɗanda suka ɗauki nasu kafin ya iso gare shi." Ta gyara mayafi, ta duba jakarta ko makullin mota yana ciki. "Ki tsaya nan. Lauyana ya ce ana iya neman kwafin duk abin da aka faɗa yau. Bari in tambayi ofishin da ake bayarwa."